Sunan da Na Faɗa a Bedin

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai ni, shi ya dawo da ni. Sunana Kulu. A Lambara aka haife ni, a Boɗinga na yi aure, a nan kuma mijina Malam ya rasu ya bar ni. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce abin salla ba, don haka 'yar ƙanena ce ke rubutawa ina faɗa. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni. Na daina ɓoye shi.

Wanda na je wurinsa a Jamus ɗana ne na fari. Kun san yadda muke da ɗan fari, to ni na fi kowa tsanani. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba. Da aka yaye shi, gwaggonsa ta ɗauke shi zuwa Dandin Mahe, shi ya sa nake ce masa Na-Gwaggo. Ko bayan ya girma ya tafi Turai, ba ma magana kai tsaye. Idan ya kira waya, autana Nasiru ke riƙe ta a tsakaninmu, in ce, "Ka ce mishi gero ya yi kyau bana," alhali yana jina sarai. Shi kuma ya ce, "Ka ce mata ta rage shiga rana." Wata rana ya gaya wa Nasiru cewa unguwar da yake zaune a birnin Berlin sunanta Bedin, ko da yake an ce Wedding ake rubutawa. Ya ce, "Ka ga ban yi nisa ba. Daga Boɗinga sai Bedin." Na juya baya don kada a ga ina murmushi.

Shi ya nema min takardu don a cire min yanar da ta rufe min ido ɗaya. Abin ya ja lokaci. Kafin takardun su fito, wayarsa ta daina shiga. Nasiru ya kira wani abokinsa a can mai suna Garba, mai shagon kayan miya. Garba ya ce yana asibiti amma da sauƙi, a bar ni in taho, ganina ma magani ne. A Abuja 'yan uwan Garba suka tare mu da manyan jakunkuna biyu, wai ɗan saƙo ne.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin jirgi ba. Na sauka, wata ma'aikaciya ta turo ni a keken guragu har ƙofa, na ga wani gajeren mutum da hular sanyi yana washe baki. Garba ne.

"Hajiya! Jakunkunan duk sun iso?"

Tambayarsa ta farko ke nan. Ban je Makka ba, amma haka ya dinga kirana har na bar ƙasar. Sai da ya zuge jakunkunan ya ga kilishinsa da daddawa da kuka, sannan ya tuna ya yi min sannu da hanya. Na ce, "Ƙaƙa mai jiki?"

"Da sauƙi. Yau an rufe ziyara, sai gobe."

Ya sauke ni a ɗakin ajiya da ke bayan shagonsa, tsakanin buhunan garin rogo da jarkokin manja. Shagon a ƙarƙashin ƙasa yake, tagar ɗakin daidai take da ƙafafun masu wucewa. Takalma na fara sani a Jamus kafin fuskoki. Ya karɓi takarduna ya ce zai adana min. Ya kawo min garin kuka da ƙananan ledoji in dinga ƙullawa, ya ce in rage zaman banza.

Gobe ta yi, ya ce likita ya hana. Wata goben ya ce an sauya masa asibiti. Ranar da na ƙi taɓa abincin da ya kawo, sai ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire hula, ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa tun kafin ki taso. Tsoron gaya miki nake yi."

Na yi salati. Abu ɗaya na tambaye shi. "An yi mishi sutura?"

"Da hannun nan nawa na wanke shi. Ni na sa shi a kabari."

Na ce alhamdulillahi. Ban yi kuka a gabansa ba, don ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Sai da ya fita na shiga tsakanin buhuna na cusa mayafi a baki. Abin da na riƙe a lokacin shi ne wannan: ya mutu a nesa, amma an wanke shi, an sallace shi, an kwantar da shi yana kallon alƙibla. Uwa ba ta da sauran abin nema bayan haka.

Na ce ya kai ni in ga wurin. Ya yi ta kewaye-kewaye, wai mata ba sa zuwa maƙabarta. Gaskiya ne, ko ta Malam ban taɓa takawa ba. Amma na ce masa a Boɗinga ina da wanda zai je ya dawo ya gaya min, a nan ba ni da kowa. Ya kai ni.

Maƙabartarsu ba ta yi kama da tamu ba. Kowane kabari an kewaye shi da dutse kamar fangalin albasa, an dasa furanni a ciki. Akwai wani ƙarfe da suke rataye butocin ban ruwa, kowa ya sa wa tasa kwaɗo. Mata ne ma suka fi yawa a wurin, tsofaffi irina, suna cire ciyawa. Can wani gefe aka ware wa Musulmi. Garba ya yi ta tafiya yana waige-waige, sannan ya tsaya a kan wani mai farin dutse ya ce, "Ga shi nan."

Ni a fadama na tsufa. Na ga ƙasar kabarin ta kwanta ta yi tauri, na ga icen furen da ke kai ya yi kauri, ba dashen bana ba ne. Na gani da idona mai lafiyar. Sai na ce a raina ƙasar Turawa ce, ƙila haka take saurin kwanciya. Rubutun da ke jikin dutsen kuwa, ni da zanen kaza duk ɗaya. Na zauna na yi masa addu'a. Na haddace hanya: a miƙe har cocin jan bulo, a tsallaka inda jirgin ƙasa ke bin tsakiyar titi, a bi katanga. Kullum da hantsi nake zuwa.

A cikin wannan hali na haɗu da A'i. Ta shigo shagon sayen daddawa, ta ji ina yi wa Garba magana daga ciki, sai ta leƙo.

"Wanga harshe na gida ne. Inna, daga ina?"

"Boɗinga."

"Ni ɗiyar Ƙonni ce. Ashe maƙwabta muke. Mi kike yi cikin buhuna awa ɓera?"

Doguwar mace ce, ta kusa hamsin, bakinta ba ya shiru. Aikinta kula da tsofaffin Jamusawa a gidajensu, ta yi musu wanka, ta ba su abinci. Da ta ji labarina ta yi min gaisuwa, ta ce ta san shi da gani, dogon nan mai aiki a gidan burodi, wanda kowa ke kira Boɗinga. Ta ce ba ta ji rasuwarsa ba sai daga baya. Daga ranar, duk sanda ta tashi aiki da wuri sai ta zo ta fitar da ni, wai in ga inda ɗana ya zauna. Ta kawo min rigar sanyi da safa, don damina na ƙarewa a gida, a can kuma sanyi ya fara.

A bakin A'i na san Bedin. Abin da ta sani kuma daga wata tsohuwa da take yi wa wanka ta ji shi, wadda aka haifa a unguwar tun kafin babban yaƙinsu. Ta ce asali unguwar talakawa ce, ta leburorin masana'antu. Ta shigar da ni wani gida, muka wuce tsakar gida, sai ga wani gini a baya, muka wuce, sai ga wani a bayansa, kowane ya fi na gabansa duhu. Ta ce haka ake cusa mutane a da, na can ƙurya ba sa ganin rana. A irin wannan gidan ɗana ya zauna, a na ƙurya, hawa na sama. Wasu ne a ɗakin yanzu. Na ga labule mai ruwan ɗorawa a tagar, na tsaya ina kallo har wuyana ya gaji.

Titunan gefen shagon Garba duk sunayen ƙasashenmu ne. A'i tana nunawa tana karantawa: Togo, Kamaru, Gini, Kwango, Zanzibar. Na ce ashe suna son mu haka. Ta yi dariya har ta dafa bango.

"So? Inna, lokacin da sunka fita rabon ƙasashen mutane ne sunka sa sunayen, awa mahauci shina lissafin abin da ya yanka. Wasu titunan ma sunan waɗanda sunka yi kisan ne, sai kwanan nan anka cire bayan an sha rigima."

Ta kai ni wani lambu mai tudu. Na hau da ƙyar, ina hutawa. Ta ce ba tudun Allah ba ne. Wani ƙaton ginin yaƙi ne da aka sa wa nakiya ya ƙi faɗuwa duka, sai aka kwaso ɓaraguzan gidajen da bama-bamai suka rushe aka tula a jikinsa, aka zuba ƙasa, itatuwa suka fito. Ta ce mata sun yi kwasar da yawa, don mazan sun ƙare. Yara na ta guje-guje a kai. Na tambaye ta ko an fitar da duk mutanen da gidajen suka danne. Ta ce ba ta tambayi tsohuwar ba.

Wata rana muka je iyakar unguwar, inda aka jera dogayen ƙarafa masu tsatsa. Ta ce nan katangar da ta raba garin biyu ta bi. Akwai gidajen da ɗakin yana wata ƙasa, bakin titin da ke ƙarƙashin tagarsa yana wata ƙasa, mutane suka dinga faɗowa ta taga don su tsere, wasu suka mutu a nan inda muke tsaye. Ƙafata na ciwo, kuma na fara gajiya da garin da duk inda ka taka an mutu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ƙananan farantan tagulla ne da aka kafa a ƙasa a ƙofar wasu gidaje, kowane bai wuce tafin hannu ba. Na ɗauka murfin famfo ne. A'i ta sunkuya ta karanta min ɗaya: nan wance ta zauna, an haife ta shekara kaza, an tafi da ita, an kashe ta. Ta ce Yahudawa ne da wasunsu, hukumar wancan zamani ta kwashe su daga gidajensu, akasarinsu ba su da kabari.

Na ce, "Shi ne za a sa sunan mutum ƙasa ana takawa?"

"Su nan, in ba a faɗi sunanka ba, awa ba ka taɓa zuwa duniya ba."

Na kewaye farantin, ban taka ba.

A hanyarmu ta komawa ne muka wuce wani tsohon gini mai dogon bututun hayaƙi. Samari da 'yan mata na zaune a harabarsa suna shan shayi, kiɗa na tashi daga ciki. Na ce wannan kuma masana'antar mece ce. A'i ta dubi bututun.

"Nan anka riƙa ƙone matattu da. Yanzu an daina a nan, wurin wasa ne."

"Ƙonewa da wuta?"

"Da yawansu haka suke so. Har gobe ana yi, a wani wuri."

"Musulmi fa?"

"In shina da mai tsaya mishi, ba a taɓa shi."

"In babu fa?"

Ta ce mu yi sauri, hadari ya haɗo. Na gode wa Allah a raina da ya ba ɗana Garba, duk da halinsa.

Ba a daɗe ba, wata safiya na je maƙabarta na tarar da wata tsohuwa mai ɗankwali da doguwar riga tana ba kabarin ruwa. Na ji daɗi, na ce baiwar Allah ce mai neman lada. Na yi mata sallama, ta amsa da irin harshensu, daga baya aka ce min Baturkiya ce. Na zauna a inda na saba, na ɗaga hannu. Ta tsaya tana kallona. Ta nuna dutsen, ta nuna ni, ta buɗe hannu alamar tambaya. Na dafa cikina, na nuna kabarin, wato ɗana ne. Ta girgiza kai a hankali. Ta buɗe jaka ta fito da hoto: wani dattijo fari mai gashin baki, yana riƙe da jariri. Ta nuna hoton, ta nuna kabarin, ta nuna zoben hannunta.

Mijinta ne. Duk safiyoyin nan, mijin wata nake yi wa addu'a.

Ban san sanda na fara kuka ba, kuma ban rufe baki ba. Matar ta ajiye buta ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta riƙe min hannu. Tana ta magana, ban ji komai ba sai "Allah" da wata kalma mai kama da rahama. Ta gutsuro min burodi mai riɗi ta sa min a hannu. Sannan ta kama ni muka bi kaburburan gefen Musulmi ɗaya bayan ɗaya, tana nuna min sababbin, tana karanta sunaye tana duban fuskata. Ta karanta duka. Babu nasa.

A'i ce ta tsaye min a kan Garba. Ta same shi yana auna wa wani wake, ta jira mutumin ya fita, ta rufe ƙofar shagon.

"Garba, kabarin wa ka kai ta?"

"Ke kuma ina ruwanki?"

"Na ce na wa?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Hajiya, ƙasa duk ta Allah ce. Addu'a ba ta ɓatan hanya, duk inda kika yi za ta same shi."

"Ji malami," in ji A'i. "Da hannunka ka wanke shi, ko? Wane hannun, na auna wake ko na karɓar kilishi? Ka sa tsohuwa ta ƙetare duniya ta yi maka dako."

Ya zauna a kan buhu. Ya ce shi bai ga gawa ba. Ɗana ya gaya wa kowa zai ɗauki hutu saboda zuwana, da aka daina ganinsa sai aka ɗauka ya tafi gida ya taho da ni. Sai da Garba ya je ɗakin ya tarar an sauya makulli, wani maƙwabci ya ce masa 'yan sanda sun fitar da gawa tuntuni. Ya ce ya so ya bincika, amma shagonsa ba shi da cikakkun takardu, ba ya son shiga ofis. Kuma ko da ya je a lokacin, bai san sunan da zai tambaya ba. Shekara da shekaru suna cin tuwo tare, Boɗinga kawai ya sani.

Na ce, "To ina shi ke?"

"Wallahi, Hajiya, ban sani ba."

A ranar na bar shagon. A'i ta karɓe takarduna daga hannunsa, ta kai ni ɗakinta ta shimfiɗa min katifa. Mu duka mun san abin da muke tsoro.

Ta nemi izini a wurin aiki ta kai ni ofishin hukumar unguwa da ke kula da waɗanda suka mutu. Muka jira a kan benci har aka kira mu. Mace ce a ciki, mai gajeren gashi da furfura, da tabarau a rataye a wuya. A'i ta yi mata bayani da Jamusanci, ta miƙa takarduna masu ɗauke da sunan ɗana. Matar ta duba, ta dube ni, ta yi magana.

A'i ta ce, "Inna, ta ce ba a ba kowa labarin mamaci sai danginsa. Ta ce ki faɗi sunan ɗanki."

Na ce, "Ba ga shi nan cikin takarda ba?"

"Ta gani. Daga bakinki take so."

"Ki ce mata Na-Gwaggo."

"Inna, ba shi ne a takarda ba."

"To ke ki faɗa mata, ai kin karanta."

A'i ta juya ta yi dogon bayani. Ina jin tana faɗin Afirka, tana nuna ni. Matar ta saurara, amma na ga fuskarta ta sauya. Ta sake tambaya, wannan karon ni take kallo, a hankali, kamar mai yi wa kurma magana. Na sunkuyar da kai. Haka aka koya min, haka uwata ta yi, in an ambaci ɗan fari sai ki dubi ƙasa. Ita kuwa abin da ta gani daban ne. Ta ga tsohuwar da aka kawo da takardun wani, an tambaye ta sunan ɗan da ta ce ta haifa, ta rasa amsa. Ta tattara takardun ta turo mana.

A'i ta kama gwiwata ta matse. "Ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba. Tana zaton hayar ki anka yi. Inna, in munka fita ƙofar nan, shi ke nan. Babu surukai a nan, babu mutanen Boɗinga. Ni ko zan toshe kunnuwana."

Kuma ta toshe su da gaske, da yatsu biyu, kamar yarinya.

Shekara arba'in da wani abu sunan nan yana bakina. Na ji an raɗa masa shi, na ji ana kiransa da shi a ƙofar gida, na sha faɗinsa a zuci in ina daka. Harshena bai taɓa ɗaukarsa ba. Da na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Matar ta matso da kunne. Na sake faɗa, ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har da sunan Malam a bayansa, wanda shi ma ban taɓa kamawa ba. Ban sake faɗa ba tun ranar, kuma ke mai rubutu kada ki sa shi.

Ban san me matar ta gani a fuskata ba. Ta janyo takardun, ta sa tabarau, ta danna na'urarta. Ta daɗe tana karantawa. Sannan ta tashi ta zuba ruwa a kofi, ta zagayo ta ba ni da hannunta, ta ja kujera ta zauna a gefena, ba a bayan tebur ba. Tun daga nan na sani.

A'i ta dinga juya min maganar guntu-guntu. A ɗakinsa ya rasu, zuciya ce. Maƙwabta ne suka kira 'yan sanda. An nemi dangi ba a samu ba, babu wanda ya zo ya tambaya, kuma babu inda aka rubuta addininsa. Doka ta ba da wa'adi, wa'adin ya cika.

"Sai me?"

"Sai hukuma ta yi mishi abin da take yi wa wanda ba shi da kowa."

"A'i, mi anka yi mishi?"

Hawaye na zuba a fuskarta. Ta ce, "An ƙone shi, Inna. An sa tokar a tukunya an binne."

Na riƙe kofin nan da hannu biyu don kada ya faɗi ya fashe, kofin mutane ne. Abin da na iya tunawa ke nan. Matar tana ta faɗin wata kalma ɗaya, A'i ta ce haƙuri take ba ni. Ban ga laifinta ba. Ta rubuta mana inda yake a 'yar takarda, ta raka mu har bakin matakala.

Wata maƙabartar ce, sai da muka hau bas. Muka wuce masu duwatsu da furanni har can ƙarshe, inda babu komai sai fili mai ciyawa. Wani Bature mai rigar aiki yana tura injin yankan ciyawa. A cikin filin an kafa ƙananan alluna a jere, tsakanin wannan da wancan bai fi kamu ɗaya ba. A'i ta bi layi tana karantawa, ta tsaya, ta nuna da hannu.

Ɗana dogo ne. Idan ya zo gida sai ya sunkuya kafin ya shiga zaure, nakan leƙa ta jikin danga in gani. Na tsaya ina duban wurin da aka ce yana ciki, faɗinsa bai kai faifai biyu ba.

Na ce, "Ina alƙibla?"

Ta duba wayarta, ta juya, ta nuna min wajen wasu dogayen itatuwa.

"Shi ina ya fuskanta?"

"Inna, tukunya ce. Ba ta da gaba, ba ta da baya."

Na cire takalmana. Na gyara mayafina na rufe ƙafafu. Na kwanta a kan ciyawar ta gefen dama, a jikin allon, na fuskanci itatuwan nan, yadda ya kamata a ce an kwantar da shi. Ƙasar da laima, sanyinta ya ratsa rigar da A'i ta ba ni har haƙarƙari.

"Inna, tashi, mutane na kallo."

"Kin iya kabbara huɗu?"

"Ba a yi wa mai rai, Inna. Ki ji tsoron Allah."

"To ki tsaya kurum."

Ta tsaya a bayana. Ina jin tana karanta abin da ta iya. Can sai na ji ƙarar injin ta mutu. Na ji takun takalmi mai nauyi ya matso, ya tsaya nesa kaɗan. A'i ta gaya min daga baya cewa mutumin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai koma aikinsa ba sai da na tashi.

Jama'ar da ɗana ya samu ke nan: mace ɗaya daga Ƙonni, da Bature mai yankan ciyawa.